Tsimin Lissafi Da Gaskiyar Hoto: Sharhi A Kan Wasu Ayyukan Koyo Mai Zurfi Na Kyautata Hoton Wayar Hannu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi sharhi a kan wasu ayyukan bincike da suka fito tsakanin shekarar 2017 da ta 2022, waɗanda duk matsala ɗaya suka fuskanta, watau yadda za a sa 'yar kyamarar da ke bayan wayar hannu ta fitar da hoto irin na babbar kyamarar ƙwararru ba tare da an ƙara mata girma ba. Hanyar da suka bi ita ce wadda masana kwamfuta ke kira koyo mai zurfi. Abin nufi shi ne, a gina wata raga ta lissafi mai hawa-hawa, a yi ta nuna mata dubban misalai na hoto marar kyau tare da takwaransa mai kyau, har ta gano da kanta yadda ake juya na farkon ya koma na biyun. Tun da yake a cikin waya aikin zai gudana, tilas ne a tsimanta lissafin, domin waya ba ta da ƙarfin babbar kwamfuta, ga batir mai saurin ƙarewa, ga zafi da take ɗauka in an matsa mata.

Ba mu da ja a kan cewa ayyukan nan sun ci nasara. Inda za mu tsaya shi ne a kan tambayoyi biyu da muke ganin marubutan sun yi wa riƙon sakainar kashi: da wane ma'auni aka ce hoton ya yi kyau, kuma bayan an gama gyaran, shin abin da ya fito hoton abin da aka ɗauka ne har yanzu?

2.0 Tushen Matsalar

Kafin mu shiga ayyukan, ya kamata mu san daga ina ciwon yake. Kowace kyamara tana da wani faifai da haske ke sauka a kansa. Na kyamarar Canon 70D, wadda za mu ambata nan gaba, tsawonsa milimita 22.5 ne, faɗinsa 15. Na wayoyin da aka gwada ta da su kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan fili ba. Ƙaramin faifai ɗan haske kaɗan yake tarawa, haske kuwa in ya yi ƙaranci sai hoton ya fito da dusa-dusa, musamman a wuraren inuwa. Wannan hukunci ne na ilmin fiziks, ba sakacin maƙera ba ne: in ana son a rage dusar da rabi, sai an ninka hasken sau huɗu.

Akwai waɗanda suka bi wannan hukunci kai tsaye. Tsarin HDR+ da Samuel Hasinoff da abokan aikinsa na kamfanin Google suka bayyana a 2016, hotuna da yawa yake ɗauka a jere cikin ƙiftawar ido, ya daidaita su, ya haɗe su wuri ɗaya. A nan duk hasken da ya shiga hoton na gaske ne, tara shi kawai aka yi. Ayyukan da muke sharhi a kansu wata hanya dabam suka ɗauka, domin abin da faifan bai tara ba, raga ce za ta cike shi da abin da ta koya a wasu hotuna. Mu riƙe wannan bambanci, don kuwa a kansa yawancin maganarmu za ta ginu.

3.0 Aikin Ignatov Na 2017

A watan Oktoba na 2017, a babban taron masana gani na kwamfuta da aka yi a birnin Benis na Italiya, Andrey Ignatov da Radu Timofte da Luc Van Gool da wasu abokan aikinsu na jami'ar ETH da ke Zurik suka gabatar da takardar da ta buɗe wannan fage. Sun jera na'urori huɗu a kan mariƙi ɗaya, watau iPhone 3GS da BlackBerry Passport da Sony Xperia Z da Canon 70D, suna kunna su lokaci guda, har suka tara hotuna sama da 22,000. Wannan tarin shi ne ake kira DPED. Da yake kowace kyamara da kusurwar da take kallo, hotunan ba sa hawa kan juna daidai, saboda haka sai aka yayyanka su gunduwa-gunduwa, kowane gutsure ɗigo 100 a tsaye 100 a kwance, aka zaɓi waɗanda suka dace da juna. Da waɗannan gutsattsari aka horar da raga mai hawa 12.

Wurin da muka fi jinjina wa aikin shi ne ma'aunin kuskure. Marubutan sun lura cewa in aka ce a gwada ɗigo da ɗigo, ɗan gocewar da ke tsakanin hotunan biyu zai rikitar da ragar, ta koma tana fitar da hoto mai dishi-dishi don gudun kuskure. Sai suka raba awon. Launi suka auna shi bayan sun dusashe hotunan biyu da gangan, don kada gocewar ta shafe shi. Abin da hoton ya ƙunsa suka auna shi da wata tsohuwar raga mai suna VGG-19, wadda dama an horar da ita a kan gane abubuwa. Kaushi da laushin jikin abubuwa kuwa suka bar wa wata raga ta biyu, mai aikin alƙali, wadda ake nuna wa hoton ba launi a ce ta faɗi ko na Canon ne ko na jabu. Raga ta farko tana ƙoƙarin ruɗin alƙalin, alƙalin yana ƙara wayo, haka har su biyun su goge. Dabara ce mai kyau, kuma ba mu san wata da ta fi ta dacewa da irin kayan da suke hannunsu a lokacin ba.

To amma sunan da aka raɗa wa takardar ya yi alkawarin hoto mai darajar babbar kyamara, alkawarin nan kuwa yana bukatar a duba shi da kyau. Kyamarar iPhone 3GS ɗigo miliyan 3 take ɗauka, ta Canon kuwa miliyan 20. Don su yi daidai, hoton Canon ɗin aka rage wa girma. Ke nan abin da ragar ta koya shi ne kwaikwayon hoton Canon da aka riga aka ƙanƙantar, wanda ya zubar da mafi yawan abin da ya sa ake sayen Canon tun farko. Launi da haske ta kan kamo su, amma rubutun allon da ke can nesa, wanda babbar kyamara za ta nuna rangaɗau, ba ya cikin darasin sam. Har ila yau, da rana aka ɗauki hotunan, alhali kuwa da dare ne waya ta fi kasawa. Su kansu marubutan sun ambaci wasu aibobi, kamar karkacewar launi da tsananta bambancin haske da duhu da kuma ƙara dusar da aka so a rage. Sun kyauta da suka faɗa, sai dai sun faɗe shi kamar ƙaramin tabo, mu kuwa muna ganin ƙarin dusar nan alama ce ta wani abu babba: alƙalin kaushi yake nema, ragar kuwa ba ta iya bambanta kaushin bango da kaushin dusa, don haka duk wanda ta samu sai ta kambama shi.

Sa'an nan ga nauyi. Bari mu yi ɗan lissafi a gaban mahalarta. Hawa ɗaya na tsakiyar wannan raga yana karɓar tashoshi 64 ya fitar da 64, yana kuma duban maƙwabtan kowane ɗigo uku-uku, watau tara. Wannan ya ba mu ninkawa 36,864 a kan ɗigo ɗaya tak. A hoto mai ɗigo miliyan 12, ninkawa biliyan 442 ke nan, a hawa guda, kuma irin wannan hawa kusan goma ne. Ashe ragar da aka yi don waya, ba ta zauna cikin wayar wancan lokaci da daɗi ba.

4.0 Hanyoyin Tsimi

Daga nan aka shiga neman sauƙi. Hanyoyin da suka shahara an san su, ba sai mun daɗe a kansu ba. Tsarin MobileNet na 2017 ya raba aikin hawa gida biyu, ya tace kowace tasha ita kaɗai sa'an nan ya gauraya su, wanda a misalinmu na sama zai mai da 36,864 ya koma 4,672, kusan kashi ɗaya cikin takwas. Akwai rage tsawon lambobin da ragar ke aiki da su daga gurbi 32 zuwa 8, abin da ke rage girmanta zuwa rubu'i. Akwai kuma sa ƙaramar raga ta yi almajiranci a gaban babba, dabarar da Geoffrey Hinton da abokansa suka yaɗa a 2015. Gasar PIRM da aka yi a Munik ta Jamus a 2018 ta sa saurin aiki a cikin makin da ake bayarwa, daga 2021 kuma tarukan Mobile AI suka riƙa gwada ragogin a kan ƙwaƙwalwar wayoyi na gaske. Su Ignatov ma sun bi wannan layi. A 2020 sun fitar da PyNET, wadda ta maye gurbin dukkan matakan sarrafa hoto na cikin waya da raga guda, aka horar da ita da hotunan Huawei P20 da Canon 5D Mark IV, amma ta yi wa waya nauyi. A 2022 suka zo da MicroISP, wadda suka ba da rahoton tana sarrafa hoto mai ɗigo miliyan 32 a cikin waya a ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Duk waɗannan rage kaya ne a kan jaki ɗaya. Aikin da ya sake tunanin daga tushe, a ganinmu, shi ne na Michaël Gharbi da Jiawen Chen da Jonathan Barron da Hasinoff da Frédo Durand, daga jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin Google, wanda shi ma a 2017 ya fito, aka fi saninsa da HDRnet. Su ba su yarda ragar ta taɓa cikakken hoton ba ma. Ƙaramin kwafi ake ba ta, ɗigo 256 a tsaye 256 a kwance, kuma ba hoto ake so ta fitar ba, umarni ake so. Takan cika wani akwati mai gidaje 16 a tsaye, 16 a kwance, da zurfi 8 na matakan haske, a kowane gida ta ajiye lambobi 12 da ke faɗin yadda za a juya launi a wannan yanki. Sai kowane ɗigo na babban hoton ya duba inda yake da kuma haskensa, ya ɗauki umarnin da ya dace da shi. Kamar dai babban magini ne da ba ya ɗaukar tubali: ya dubi filin ya yi zane, leburori su ɗora. Da haka aka samu gyara yana gudana nan take a fuskar waya tun kafin a danna, kuma a kan wannan dabara Google ya gina abin da ya sa a wayar Pixel 4 a 2019.

HDRnet ba ta iya share dusa, ba ta iya fito da abin da bai fito ba. Wasu za su ce wannan gazawa ce. Mu muna ganinsa a matsayin amana, domin ragar da launi da haske kaɗai aka ba ta ikon taɓawa, ko ta so ba za ta iya dasa gashin ido a inda babu shi ba. Tsarin ginin ne ya ɗaure mata hannu, ba kyan halinta ba.

5.0 Ma'auni

Mu komo kan tambayar farko. Yawancin takardun nan da lambobi biyu suke kafa hujja, PSNR da SSIM. Na farkon nisan ɗigo da ɗigo yake aunawa tsakanin hoton da aka gyara da na asali. Aibinsa sananne ne: a ɗauki hoto mai kyau a gusar da shi ɗigo biyu zuwa dama, ido ba zai ga komai ba, amma makin zai faɗi warwas, a dusashe shi kuwa, makin na iya fin na wancan. A 2018 Yochai Blau da Tomer Michaeli na jami'ar Technion suka tabbatar ta hanyar lissafi cewa abin ya wuce aibin ma'auni ɗaya. Sun nuna cewa a duk aikin maido da hoton da ya lalace, akwai iyakar da in aka kai ta, ba a ƙara kyan gani sai an ƙara nisa da asali, ba a kuma matsowa kusa da asali sai an rage kyan gani.

Wannan sakamako ya kamata a ce ya canja yadda ake rubuta takardun fagen, amma sau da yawa sai mu ga an jera makin PSNR a shafi ɗaya, an jera ra'ayin masu kallo a wani, kamar duka hanya ɗaya suka nufa. Masu kallon nan kuwa tambayarsu ake yi wane hoto ya fi kyau. Ba a kai su wurin da aka ɗauki hoton ba balle a tambaye su wanne ya fi kama da wurin. Mai kallo kuma, kowa ya sani, launi mai ƙarfi da kaifin gefe ke jan idonsa.

6.0 Wata, Fuska Da Fata

Tambaya ta biyu ta fito fili a watan Maris na 2023. Wani mutum ya ɗauki hoton wata, ya ƙanƙantar da shi, ya dusashe shi har ramukan jikinsa suka ɓace, ya sa shi a fuskar kwamfuta, ya ja da baya ya ɗauke shi da wayar Samsung Galaxy. Sai ga wata ya fito da ramukansa. Kamfanin ya yi bayanin cewa wayar tana gane wata in ta gan shi, tana haɗa hotuna da yawa, sa'an nan wata raga tana ƙara masa kaifi, kuma mai waya na iya kashe wannan aiki. Mun yarda cewa ba manna wani hoto aka yi ba. Amma ramukan da ba su shiga gilashin kyamara ba suka fito a hoto, daga ina suka zo in ba daga hardar ragar ba? Wata fuska ɗaya yake nuna wa duniya kullum, shi ya sa hardar ta yi daidai. Lambar mota da rubutun takarda da fuskar mutum ba haka suke ba.

Na fuska ma an riga an gani. A 2020, da aka ba tsarin PULSE na jami'ar Duke wani dusasshen hoton Barack Obama, sai ya fitar da fuskar Bature tsaf. Ba don waya aka yi PULSE ba, marubutansa kuma ba su ce yana gano ainihin mutum ba, amma ya nuna abin da raga ke yi in bayani ya yanke mata: takan koma ga abin da ta fi gani a makaranta. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, a kan wannan ne hoto ya sami martabar da yake da ita a gaban alƙali da ɗan jarida da mai binciken haɗari. In wani ɓangare na ganin nan ji ne da na'ura ta taɓa yi a wani wuri, to shaidar ta raunana, kuma mai riƙe da wayar bai san ta raunana ba.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Tarihin hoto ya riga ya yi wannan tuntuɓe sau ɗaya. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, da shi ake daidaita launi. Lorna Roth, a bincikenta na 2009, ta nuna cewa koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda launin ƙasa-ƙasa na hajarsu ba ya fita, yana cikin abin da ya sa aka gyara fim ɗin. Tarin hotunan horarwa shi ne katin Shirley na wannan zamani. Wanda aka horar da PyNET da shi, sunan Zurik ma yake ɗauke da shi. Ragar da ta yi karatunta a can ba ta da dalilin sanin hazon hunturu na Kano ko Damagaram, kuma muna da dalilin zaton za ta ɗauke shi a matsayin lahani ta nemi wanke shi, kamar yadda za ta iya ɗaukar baƙar fuska a ƙarƙashin farin rawani a matsayin inuwa da ke bukatar ƙarin haske. Kamfanoni sun riga masu bincike farga da wannan, don kasuwa ta koya musu. Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya yi suna a Afirka da daidaita kyamararsa don baƙar fata, Google ya fito da Real Tone tare da Pixel 6 a 2021, a 2022 kuma ya rungumi ma'aunin launin fata mai matakai 10 na Ellis Monk na jami'ar Harvard. A takardun da muka yi sharhi a kansu kuwa, makin guda ake bayarwa na dukkan hotuna a dunƙule, ba a ware shi bisa launin fata ko irin hasken ƙasa ba.

Tsimi yana ƙara tsananta wannan. Ƙaramar raga wurin ajiyarta kaɗan ne, in aka matse ta, abin da bai cika fitowa a darasi ba shi take fara yarwa, makin dunƙule kuwa ba zai nuna ba tun da yawancin hotunan gwaji irin na darasin ne. Wayoyi masu araha, waɗanda su ne a hannun yawancin mutanenmu, su ne kuma ke samun raga mafi ƙanƙanta.

Abin da muke nema ga masu aiki a wannan fage ba mai wuya ba ne. Duk takardar da ta ba da makin raga bayan an matse ta, ta ba da shi a rarrabe, a ga wane rukunin hotuna ne ya biya kuɗin tsimin. Ta kuma faɗa a sarari ko ragar tana cikin masu juya launi da haske ne kawai, irin HDRnet, ko tana cikin masu iya dasa abin da babu. Akwai alamar an fara bin wannan hanya ta wani gefen: kyamarar Leica M11-P ta 2023 da wayar Pixel 10 ta 2025 suna liƙa wa hoto wata shaidar asali bisa ƙa'idar C2PA, mai faɗin na'urar da ta ɗauke shi da ko an sa masa hannu. Sai dai wannan shaida a jikin fayil take zaune, yawancin hotunan da ke yawo tsakanin mutanenmu kuwa sun bi ta manhajojin aika saƙo da ke matse hoto su zubar da irin wannan bayani tun kafin ya isa waya ta biyu.